Na Je Ganin Inda Suka Kai Jujinsu

An yanke hukunci a kan jujina ba a tambaye ni ba. Maza ne suka zauna gindin dogonyaron ƙofar mai gari, suka ce tunda garinmu ya shiga gasar tsafta da furanni ta ƙauyuka, duk jujin da ke ƙofar gida za a kwashe a zuba a kwazazzabon yamma kafin alƙalan gasa su zo. Ban yarda ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Wanda ya tashi a birni zai ce shara ce kawai. Ba shara ba ce. Tokar murhuna ce, da kashin awakina, da ƙaiƙayi, da sharar tsakar gida, nake tarawa tun faɗuwar ruwa don in kai gayaunata kafin shuka mai zuwa. Da wannan gayauna nake ci da jikokina tun rasuwar maigidana. Takin zamani kuwa na daina ko tambayar kuɗinsa, don kada hawan jini ya kama ni a banza. Ga shi ana tsakiyar damina, amfanin gona na tsaye, ba inda za a kai ɗanyen taki ba tare da ya ƙone shuka ba. In an zuba shi a kwazazzabo, ruwan farko zai tafi da shi, ya tafi da tuwon baɗi.

Shugaban kwamitin tsaftar ƙanin maigidana ne, tun yana yaro muke wasa da shi. Ya ce za su je wani ƙauye bayan Tsafe, wanda ya ɗauki kofin bara, su ga yadda aka yi. Masu shirya gasar sun ce dole a tafi da mace, sai kwamitin ya zaɓi maƙwabciyata saboda ba ta da magana. Na ɗauki mayafina na ce mata biyu ba za su karya mota ba. Tambaya ɗaya ce ta tashe ni daga gida: su waɗanda suka ci kofi, ina suka kai nasu jujin?

Mun tashi bayan asuba, amma sai da gari ya waye sosai muka kama hanya, don yanzu ba mai hankalin da ke fita da duhu. An kwana ana ruwa. Tsohuwar motar da aka ɗauko ta kafe a laka tun ba mu kai kwalta ba, maza suka fita turawa, shugaba ya koma mota da ƙafar farin wandonsa ta zama ja. Na ce masa tsafta ta fara kyau.

A Bungudu muka karya. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka ɗauki biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu, mai suyar kuma ta ce in je in tambayi mai wake da mai man gyaɗa, ba ita ba. Kunun tsamiyarta dai ya yi, ba ta yi masa ha'incin ruwa ba. Daga nan zuwa Gusau ido ba ya gajiya. Masara ta yi goyo, dawa ta wuce tsawon mutum, waken suya ya rufe ƙasa kore shar. Wasu Fulani na kora shanu ta gefen titi, shanun sun yi ɓul-ɓul da ɗanyar ciyawa. Ina kallon gonakin ina gane wadda ta sha taki da wadda aka bari da yunwa. Ba sai an gaya maka ba, ganyen ne ke faɗi.

Akwai halin da na san ina da shi a mota: duk allon da na gani sai na karanta shi a fili. Sai da na aurar da 'ya'yana na shiga ajin yaƙi da jahilci, na zauna a tabarma ina haɗa baƙi da wasali da furfura a kaina. Tun daga nan ba allon da ke wuce ni. Na karanta na asibiti, na makaranta, na mai sayar da maganin ƙwari.

Shugaba ya juyo ya ce, "Yaya, har allon mai faci sai kin karanta muna?"

Na ce, "Shekara nawa ina wuce su suna kallona ban san mi suka cewa ba? Yau su saurare ni."

Muka tsaya a shingen jami'an tsaro, aka leƙa, aka ga tsofaffi, aka ce mu wuce. A Gusau direba ya sha mai yana ƙunƙuni, ya ce kullum sai ya tarar da sabon farashi kamar da dare ake haifarsa. Na duba magudanan ruwan birnin na gan su cike da leda, baƙa da fara, har ruwa ya rasa hanya ya hau titi. Na ce a raina, ashe ba mu kaɗai ba ne. A bakin tasha na sayi hoce, gasasshiyar wainar dawa, mai zafi wurin wata mata, na raba wa kowa, don tafiyar da ba hoce a cikinta ni ban ɗauke ta tafiya ba.

Da muka fita Gusau ta hanyar Funtuwa, dutsen Kwatarkwashi ya taso gabanmu, ruwan daren jiya na sheƙi a jikinsa, hazo ya rufe masa kai. Maƙwabciyata da ba ta taɓa wuce Gusau ba ta riƙe baki tana salati. Titin kuwa wani wuri sumul, wani wuri ramuka sun yi layi kamar gurbin dara, direba na kauce wa wannan yana faɗa wa wancan. Duwatsun Tsafe duk sun yi kore. Mata sun jera a bakin hanya da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa da yalo, suna bin mota da gudu. Na sayi masara, na tarar da ita mai taushi irin wadda haƙoran da suka rage mini ke so. Bayan Tsafe muka sauka kwalta muka bi burji.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, za ku ji dalili. Amma zan faɗi gaskiya: ya yi kyau, har na ji kishi. Tun daga shiga gari an jera duwatsu a gefen hanya an shafe su da farar ƙasa. Tsofaffin tayoyin mota an yi musu fenti an cika da ƙasa, furanni ja da ɗorawa da ruwan hoda na ta rawa a ciki. Ba akuya ko ɗaya da ke yawo, duk suna ɗaure a turke. An kewaye famfon tuƙa-tuƙa da gini, ruwan da ke zuba an yi masa hanya zuwa gindin ayaba, ba taɓo, ba agwagi. Rariyar kowane gida tana zuba cikin ramin tsakuwa. Na sa ido ƙasa ina neman leda ko ɗaya in samu abin faɗi, ban samu ba. A zauren mai gari aka fito mana da kofin, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar jariri, kowa ya taɓa. Shugaba har idonsa ya yi ruwa-ruwa.

Abin da na zo nema ne ban gani ba. Garin manoma, ga rumbuna, ga turakun awaki, amma ba juji ko ɗaya. Sai dai a gefen kowace ƙofa akwai wurin da ƙasa ta yi baƙi, ciyawar wurin ta fi ta ko'ina ƙarfi. Na san wannan tabo. Na tambayi mutumin da ke zagayawa da mu.

"Malam, ina kunka kai jujinku?"

Ya ce, "An kawar, Hajiya."

"Ban je Makka ba tukuna. An kawar zuwa ina?"

"An dai kawar," ya ce, ya nuna wa shugaba wata taya mai furanni.

Da azahar maza suka nufi masallaci, mu mata aka kai mu wani gida mu yi salla. A bangon zauren an rubuta "Ba shiga" da gawayi, na karanta shi a fili kamar yadda na saba. Muna wuce zaure na biyu, ƙuda suka tarbe mu kafin matar gidan. Ga shi nan, tsibi guda ya kusa kai kafaɗata, tsakanin rumbu da madafa. Ruwan daren jiya ya jiƙa shi, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga gindinsa yana bin tsakar gida har kusa da randa.

Matar gidan dattijuwa ce, ta girme ni. Ta ga inda idona ya tsaya. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Ta ce, "Kin gane shi ko?"

Na ce, "Inna, shi na zo nema tun daga Bungudu."

Ta yi dariya har da tafa hannu, ta shimfiɗa mana tabarma a ɗaki. Bayan mun yi salla ta ba mu labari. Su ma bara mazansu sun ce a zubar. Matan suka tambaya, su wa ke zuwa dubawa? Aka ce alƙalai. Maza ko mata? Aka ce maza. To namiji baƙo iyakarsa zaure. Sai matan garin suka ɗauki kwanduna da tasoshi suka kwashe jujin da kansu, suka shigo da shi cikin gida. Alƙalai suka zo suka zagaya tituna, suka ɗauki hoton furanni, suka sha fura a zaure, suka ba da kofi. Tun daga nan kuma ba wanda ya yarda a mayar da juji waje, don garin da ya ci kofi kullum cikin baƙi yake.

Ta ce, "Kofi na mai gari ne. Takin ga nawa ne. Da kin ga gerona bana, da kin san ban yi wauta ba."

Na ce, "Ƙudan fa?"

Ta nuna wata jikarta da ke kwance a gefen gado, ta rame, idanu sun faɗa. Ta ce tun shigowar damina gudawa ke kama yaran gidan, wannan ya warke wancan ya kwanta, kuma ba gidanta kaɗai ba.

Ta kawo mana tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, a rufe da faifai. Tana zaune gefenmu tana kore ƙuda da mafici har muka gama. Maƙwabciyata ta ɗan taɓa ta janye hannu. Ni kuwa na cinye nawa tas na suɗe kwano, don kada baiwar Allah ta ɗauka ƙyamarta nake. Tuwon ma ya yi daɗi, ta iya tuƙi. Da za mu fita na tambaye ta ko in rufe abin da na gani. Ta ce, "Faɗi, ɗiyata. Ba sata munka yi ba." Sunan garin ne kawai na riƙe, don ba ni zan ƙwace musu kofinsu ba.

Na fito ina jin abu biyu a ƙirjina. Na yi alfahari da matan nan, da suka ɗauki abincin 'ya'yansu a ka suka hana a zubar. Na kuma ji takaici, don abin da suka tsare wa yaran da hannu ɗaya, shi ke kwantar da yaran ta ɗaya hannun.

Mun juyo tun kafin la'asar don mu isa gida da rana. A mota shugaba sai lissafin tayoyi da fenti yake. Ban ce komai ba, har ya tambaya ko ba ni da lafiya. A Gusau ya sa aka tsaya wurin masu sayar da furanni a bakin titi, inda suke jera su cikin ƙananan baƙaƙen ledoji. Yana can yana ciniki, ni kuma ƙafata ta yi tsami, na zagaya bayan rumfar in miƙe ta. Nan na tarar da wani dattijo tsugune yana tankaɗe baƙar ƙasa da rariyar waya yana cika ledojin. Na ɗebi ƙasar na shaƙa. Ba wari, sai ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Amma na ga ƙwayar kashin akuya da ba ta gama narkewa ba.

Na ce, "Baba, wannan ai juji ne."

Ya ce, "To da mi kike so fulawa ta ci? Daga ƙauye nake saye, amalanke-amalanke."

Ya nuna mini ramukansa. Ba wani abin mamaki ba ne. Rami ne ake ginawa, a tsince leda da kwalba da ƙarfe a ware, a zuba juji, a bi shi da toka, a rufe da ƙasa, in an samu wani a sake yin haka. Ƙuda ba ya samun wurin sauka, ruwa ba ya jan sa. A kan wani tsohon rami kabewa ta fito da kanta, ta yaɗu ta rufe wurin, furanninta ruwan ɗorawa manya-manya kamar bakin algaita. Duk furannin da ke cikin ledoji ba wanda ya kai su cika ido.

Na cika hannuna da ƙasar na kai wa shugaba har hanci. Na ce, "Shaƙa. Abin da za ka zubar a kwazazzabo ke nan, ka zo birni kana saye a leda."

Da muka koma mota na gaya masa abin da ke bayan zaurukan garin kofi, maƙwabciyata ta buɗe baki karon farko ta ce wallahi haka ne. Na ce ko sun so ko ba su so ba, ranar da amalanke ta doso, matan garinmu ma ciki za su shige da nasu, don ba macen da za ta tsaya tana kallo a zubar mata da tuwon baɗi. Muna wuce Bungudu ya ce, "Yaya, kwamiti ya riga ya yanke. Gobe amalanke za ta fara, kuma daga ƙofarki, don ke ce mai baki."

Mun shiga gari rana na shirin faɗuwa, shanu na dawowa. Na tsaya a ƙofar gidana na kalli jujina da idon baƙo, kuma ba zan yi ƙarya ba, bai da kyan gani. Leda ta yi masa yawa, kaji sun baje gefensa, ruwa ya ja wani har tsakiyar hanya. A nan maza suna da gaskiya. Amma da na shiga ciki na ga daɓen tsakar gidana a share, randa a rufe, kwanuka a kife kan gado, lallena ya yi kore a bakin rariya, sai na ji kaina ya ɗaukaka. Haka gidan maƙwabciyata yake, haka yawancin gidajen garinmu. Mu matan garin nan mun daɗe muna tsafta ba wanda ya ba mu kofi, don masu ba da kofi iyakarsu zaure.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Ina son garinmu ya ci gasar nan, ina so ƙwarai, don na ga yadda gari ke kyau in an kula da shi, kuma ba abin da wancan ƙauye ya fi mu. Amma ba zan ciyar da kwazazzabo in bar jikokina ba, ba kuma zan kwana da ƙuda don baƙo ya ɗauki hoton ƙofata ba. Na kuma gane cewa muddin aka yi zaman tsaftar gari ba mai riƙe tsintsiya a wurin, to za a share inda ido ke gani ne kawai.

Da asuba, bayan na yi salla, na ɗauko digar marigayi daga bayan rumbu, da shebur, da 'ya'yan kabewar da na ajiye a tulu tun bara. Na ja layi da ƙafa a gefen jujin na fara sara. Ƙasa ta sha ruwa, ba ta yi mini gardama ba. Maƙwabciyata ta leƙo, ta koma, ta dawo da kwando ta hau tsintar leda. Kafin rana ta ɗaga, matan layinmu sun fito, masu kulle na aiko da toka a tasa daga cikin gida.

Ramin ya kai mini gwiwa sa'ad da na ji ƙarar amalanke. Shugaba ne a gaba, da wandon jiya wanda lakar ba ta gama fita ba. Ya tsaya ya kalli ramin, ya kalli tsibin ledar da aka ware, ya kalli matan da suka zuba masa ido.

Na ce, "Kwashe ledar nan ka kai inda za ka kai, ita ce shara. In ka dawo, bayana ya gaji."

Na miƙa masa shebur.